Me ya sa ɗalibai ke ƙaurace wa babban dandali su cunkushe a bakin matakala?

Ɗalibar Zayyana ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Ina karatun zayyanar gine-gine ne, kuma a wannan zango an ba mu wani aiki da ya hana ni sakat: kowa ya zaɓi fili ɗaya a harabar jami'a, ya lura da yadda ake amfani da shi, sannan ya kawo shawarar gyara. Ni na zaɓi babban dandalin da ke gaban ginin hukumar gudanarwa, domin shi ne wurin da aka fi kashe wa dukiya, kuma hotonsa ne ke fitowa a bangon kusan kowace takarda da jami'ar ke bugawa. Fili ne mai faɗin gaske, an shimfiɗe shi da daɓen kankare mai ado, an jera bencinan ƙarfe a tsakiyarsa, an kuma dasa dogayen itatuwa masu siririn jiki a ɓangarori biyu, sun miƙe sambal kamar da igiya aka auna su.

Na yi mako biyu ina zuwa wurin safe da rana da yamma, da littafina a hannu, kuma abin da na gani ya saɓa wa duk abin da na zata. Ɗalibai suna ratsa dandalin da sauri, kawunansu a sunkuye, amma waɗanda ke zama a kan bencinan ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba, su ma ba sa daɗewa. A daidai wannan lokaci, matakalar da ke gefen ɗakin karatu, wadda ba domin zama aka gina ta ba, cike take maƙil, har masu shiga da fita sai sun nemi a matsa musu. Haka nan akwai wani guntun dakali a bayan zauren lacca, fentinsa duk ya koɗe, amma ba ya rabo da mutane tun daga hantsi har faɗuwar rana.

Tambayata ita ce, shin akwai sanannun dalilai a cikin tsarin fili da ke sa mutum ya zauna a nan ya ƙi can, ko kuwa sabo ne kawai, sababbin ɗalibai suna bin sawun waɗanda suka tarar? Malaminmu ya riga ya gargaɗe mu cewa ba zai karɓi shawarar da ta tsaya ga a ƙara ƙawata wurin ba, saboda haka ina neman abin da zan iya kafa hujja da shi.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya yi daidai, kuma ke ma kin ɗauko aikin ta inda ya kamata, tunda kin fara da zuwa ki gani da idonki kafin ki ɗauki alƙalamin zane. Abin da kika gani ba baƙon abu ba ne, an daɗe da lura da shi a wurare da yawa.

A shekarar 1961 birnin New York na Amurka ya kafa dokar da ta ba masu gina dogayen benaye damar ƙara hawa idan suka bar fili a gaban gininsu domin jama'a. Filaye suka yawaita, amma da yawansu suka kasance fayau, ba kowa. Daga shekarar 1970 wani mai bincike, William H. Whyte, ya kafa na'urorin ɗaukar hoto a saman gine-gine, shi da mataimakansa suka riƙa ƙirga masu zama da masu tsayuwa, suna lura da inda suke zaɓa da tsawon lokacin da suke yi. Ya gwada alaƙar yawan mutane da girman fili, bai ga ta tsaya da ƙafarta ba, ya gwada da siffar fili, nan ma haka. Abin da ya fi fitowa fili shi ne yawan wurin da za a iya zama a kansa, kuma ba benci kaɗai yake nufi ba, har da matakala da dakali da gefen kwamin furanni. Ya lura cewa mutane suna zama a kan kusan duk abin da tsayinsa ya kama daga ƙafa 1 zuwa ƙafa 3, kuma idan faɗin dakali ya kai inci 30, to mutum biyu za su zauna baya da baya ba tare da sun takura wa juna ba. Wannan aiki ne ya sa a 1975 aka gyara dokar, aka wajabta ƙafa 1 ta wurin zama a kan kowane murabba'in ƙafa 30 na fili.

Za ki ce ai dandalinku yana da bencina, kuma gaskiyarki ce. Sai dai a tsakiya aka kafa su, kuma nan ne kuskuren yake. Wani masanin zamantakewa ɗan ƙasar Holan, Derk de Jonge, ya lura cewa mutane kan fara cika gefen fili, bakin daji ko jikin bango, kafin su yarda su shiga tsakiya, kuma Jan Gehl, mai zayyana ɗan ƙasar Denmak, ya faɗaɗa wannan batu a littafinsa na 1971 kan rayuwar da ke gudana tsakanin gine-gine. A 1975 kuma Jay Appleton, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, ya bayyana cewa ɗan Adam yana son wurin da zai hango nesa alhali bayansa a kare yake. Idan kika auna matakalarki da wannan ma'auni za ki ga ta cika shi: akwai bango a baya, akwai tudun da ake hangowa daga kansa, akwai jama'a masu wucewa da za a kalla. Wanda ya zauna a bencin tsakiyar dandali kuwa shi ne abin kallo, ana ganinsa ta ko'ina, har daga tagogin ofisoshin hukuma, shi kuma ba ya ganin wanda ke tahowa ta bayansa.

Abu na gaba shi ne girma. Gehl ya nuna cewa daga nisan mita 100 ana iya gane cewa mutum ne ke tafe, amma sai an matso zuwa wajen mita 25 ake karanta yanayin fuska, hira kuwa sai a 'yan mitoci kaɗan. Idan fili ya wuce wannan awo da yawa, abokinki zai iya ratsa shi ta ɗaya gefen ba ki gane shi ba, balle ki kira shi ya tsaya. Shi ya sa mai zayyanar gine-gine Christopher Alexander da abokan aikinsa, a 1977, suka ba da shawarar kada faɗin ƙaramin dandali ya zarce kamar mita 18 da yawa, domin 'yan mutane kaɗan ma su isa su sa wurin ya zama kamar a raye yake. Babban fili yana buƙatar taro kafin ya daina kama da kango, kuma taron ba zai zo ba matuƙar yana kama da kango.

Game da sabo da kika ambata, ba na musa cewa yana da tasiri, domin Whyte da kansa ya tabbatar cewa babu abin da ke jawo mutane kamar mutane. Amma sabo yana da mafari. Wani ne ya fara zama a kan wannan dakali saboda ya ji daɗinsa, na biyu ya gan shi ya zo, daga nan aka ɗora.

Mai Kula da Lambu ya amsa:

Ranka ya daɗe Malam, na ƙaru da bayaninka ƙwarai, amma ina neman izini in saɓa maka a kan abin da ya kamata a sa a gaba. Aikina shekara da shekaru shi ne dasa itatuwa da kula da ciyawa a harabar makarantu, kuma a ganina inuwa ce ke zaɓa wa ɗalibi wurin zama kafin bango ko tudu su yi magana. Binciken da ka kawo an yi shi ne a ƙasashen da mutane ke farautar rana a mafi yawan watannin shekara. Shi kansa Whyte ya ga cewa a watan Mayu masu zama suna bin hasken rana duk inda ya matsa, da zafi ya kankama a watan Yuni sai wannan ɗabi'a ta ɓace. A inda zafi ya fi yawa lissafin juyawa yake yi gaba ɗaya, kuma wanda ya kwafo zanen dandali daga ƙasa mai sanyi ya ajiye shi a ƙasa mai zafi, kasko ya gina ba wurin zama ba.

Ina roƙon 'yar'uwa mai tambaya ta koma da tsakar rana ta ɗora tafin hannunta a kan bencin ƙarfen nan, ta ga ko za ta iya barinsa na daƙiƙa goma. Daɓe mai duhu da rana ta daka yana iya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma yana ci gaba da fitar da zafin da ya haɗiya har bayan la'asar. Daɓe mai haske ba ya riƙe zafi haka, amma yana mayar da hasken zuwa ido da fuska, wanda wataƙila shi ya sa ta ga ɗalibai suna wucewa kai a sunkuye. Jikin mutum ba zafin iska kaɗai yake ji ba, yana jin wanda ke tasowa daga ƙasa da bango, saboda haka wurare biyu da ma'aunin zafin iska zai nuna kusan ɗaya suke, ɗaya ana iya yin awa biyu a cikinsa, ɗaya kuwa minti biyar ma azaba ce.

Dogayen itatuwan da ta siffanta su ne irin waɗanda ake yi wa karin maganar inuwar giginya, na nesa ka sha. Suna da kyau a hoto, suna ba wa hanya kwarjini, amma inuwarsu 'yar tsiguwa ce, kuma tana faɗuwa can nesa da gindinsu, inda ba benci. Itacen da ke tara mutane shi ne mai faɗin kai, wanda rassansa suka fara daga sama da tsayin mutum kaɗan, domin iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Bayan tare rana, ganyensa yana fitar da danshi da ke sanyaya iskar da ke kewaye, abin da rumfar kwano ba ta iyawa. Akwai kuma abin da masu zane kan manta: a yankin da ke tsakanin digiri 23.5 arewa da kudu da tsakiyar duniya, rana tana hawa kusan tsakiyar kai da azahar, don haka dogon gini ba ya ba da inuwar kirki a lokacin da aka fi buƙatarta, sai abin da ke bisa kai. Da yamma kuma ranar tana shigowa a karkace daga yamma, ta bi ta ƙarƙashin rumfa, sai an tare ta da bango ko shinge mai ganye.

Akwai masu zanen da suka fahimci wannan. A jami'ar da ke Ile-Ife, Arieh Sharon ya zana wasu gine-ginen tsangayoyi ta yadda kowane hawa na sama ya zarce na ƙasansa faɗi, ya zame masa laima. A cibiyar koyon gudanarwa da ke Bangalore ta Indiya, Balkrishna Doshi ya mayar da hanyoyin da ke haɗa gine-gine dogayen barandoji na dutse, wani wuri a rufe, wani wuri an yi masa rufin sanduna da tsirrai ke hawa, har hanyar da kanta ta zama wurin zama. Ina da yaƙinin cewa idan aka duba matakalar nan da dakalin nan, za a tarar inuwa na rufe su a yawancin sa'o'in da ake lacca.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Na karɓi gyaranka, ɗan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zan ƙara kawai shi ne, inuwa sharaɗi ce amma ba ta wadatarwa. Kusan kowace haraba tana da wani lungu mai manyan itatuwa a can bayan filin wasa ko gefen katanga, sanyi kamar me, amma ba mai zuwa, domin ba ya kan hanyar kowa. Whyte ya lura cewa mutane kan tsaya hira ne a tsakiyar magudanar masu tafiya, a bakin ƙofa ko a kwanar hanya, ba sa janyewa gefe. Ɗalibin da ke da minti 15 tsakanin lacca da lacca ba zai yi tafiyar minti biyar domin neman inuwa ba, zai zauna a mafi kusa, inda zai ga malami ya shigo.

Malama Mai Ba da Shawara ta amsa:

Sallama gare ku baki ɗaya. Ni ba mai zane ba ce, aikina sauraron ɗalibai ne a sashen kula da walwalarsu, kuma ina so in ja hankalin ƙanwata ga wani abu da ba a taɓo ba tukuna. Kin ce matakalar cike take, amma ba ki gaya mana su wane ne ke cika ta ba. Ki koma ki ƙirga maza daban, mata daban, ki kuma lura da masu zama su kaɗai da masu zama ƙungiya. Ɗaya daga cikin abubuwan da Whyte ya gano shi ne cewa wuraren da suka fi kyawun zama sun fi yawan mata a cikin masu amfani da su, domin mata sun fi tantance wuri kafin su zauna. Matakalar da rukunin samari ya mamaye, duk mai wucewa sai an bi ta da kallo, tana iya zama wurin hutu ga wasu, ta zama shingen bincike ga wasu. Na san ɗalibai mata da ke zagayawa ta ƙofar baya ta wani gini kullum saboda haka, kuma ba za ki taɓa ganinsu a ƙidayarki ba idan masu zama kaɗai kike ƙirgawa.

Maganin wannan ba shi ne ɓoyayyen lungu ba. Wurin da ba a hango shi daga ko'ina shi ma abin gudu ne, musamman bayan magariba. Abin da ake buƙata shi ne zaɓi: ƙananan wuraren zama da yawa, kowanne mai ɗaukar mutum uku zuwa shida, a ɗan janye daga hanya amma a idon masu wucewa da masu zama a ofisoshi, da fitila mai haska fuskar mai tahowa ba ƙasa kaɗai ba, da mafita fiye da ɗaya. Clare Cooper Marcus, wadda ta koyar a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta yi nazarin harabobi, ta ba da shawarar a ɗauki ginin kowane sashe tamkar gida ga ɗalibansa, a yi masa ƙofar gida inda ake haɗuwa, da kuma tsakar gida ta baya inda ake samun natsuwa. Ɗalibi yana daɗewa ne a inda yake jin wurin nasa ne, kuma filin gaban ginin hukuma ba na kowane ɗalibi ba ne, wurin da ake zuwa ne idan an sami matsala ko ana biki.

Yadda aka jera kujerun ma magana ce. A shekarun 1950, a wani asibiti da ke Saskatchewan ta ƙasar Kanada, masu bincike Humphry Osmond da Robert Sommer sun lura cewa kujerun da aka jera kafaɗa da kafaɗa a jikin bango suna kashe hira, da aka sake su a kewaye da ƙananan tebura sai tsofaffin da ke kwance a ɗakin suka fara magana da juna fiye da da. Dogon benci miƙaƙƙe yana isar mutum biyu, amma idan abokai huɗu suka zo, dole biyu su tsaya a gaban biyu. Matakala kuwa tana ba da dama wani ya zauna sama, wani ƙasa ya juyo, a yi da'ira ba tare da an nemi izinin kowa ba.

A ƙarshe ina so ki binciki dokokin wurin, rubutattu da waɗanda ba a rubuta ba. A kwalejoji da yawa na Oxford da Cambridge a Ingila, ciyawar tsakar gida abin kallo ce, ba a yarda ɗalibai su taka ta ba, saboda haka komai kyanta ba za ka ga kowa a kanta ba. Ko masu gadi suna tayar da wanda ya daɗe a dandalinku? Ko akwai soket na caji da hanyar shiga intanet a kusa da ɗakin karatu, babu su a dandali? Kada ki raina wannan, domin ɗalibin yau wayarsa da kwamfutarsa suna da ƙuri'a a kan inda zai zauna. Kuma ki tambayi kanki ko ɗalibin da ke kan keken guragu yana da hanyar zuwa wannan matakala da kowa ke yabo.

Ɗalibar Zayyana ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri, iyayena. Na koma jiya da yau da tambayoyinku a rubuce. Bencin ƙarfen ban iya riƙe shi ba, kamar yadda Baba mai lambu ya faɗa, kuma inuwar itatuwan a kan daɓe take faɗuwa, can gefe, har lokacin da ake tashi daga lacca. Matakalar tana cikin inuwar barandar ɗakin karatu tun daga hantsi, tana kuma kallon hanyar da ta haɗa zaurukan lacca da ɗakunan kwana. Maganar Malama ita ce ta fi girgiza ni, domin da na raba ƙidayar sai na ga maza sun rinjaya sosai a matakalar, mata kuwa sun fi yawa a guntun dakalin nan na bayan zaure, wanda ni da kaina nakan zauna a kansa ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Na kuma lura da wata 'yar hanya da ƙafa ta fitar a kan ciyawar kusurwar dandalin, wadda aka taɓa tarewa da igiya aka tsallake. Yanzu damuwata ita ce shawarar da zan bayar. Idan na ce a fasa daɓen a sake tsarin gaba ɗaya, za a ce mafarki nake yi, idan kuma na ce a dasa itatuwa, sai bayan shekaru da yawa za su yi inuwa. Me ake farawa da shi?

Injiniyan Gine-gine ya amsa:

'Yar'uwa mai tambaya, ana farawa ne da abin da za a iya janyewa idan bai yi ba. Fasawa da sake gini yana faruwa, amma darasi ne mai tsada. Harabar jami'ar Illinois da ke Chicago, wadda Walter Netsch ya zana aka buɗe a 1965, an yi mata manyan hanyoyin ƙafa na sama da wani dandalin taro a bisa rufin zaurukan lacca. A takarda tsari ne mai ban sha'awa, amma ƙarƙashin hanyoyin duhu ne, samansu kuma fili ne ga iska da sanyi, daga baya a shekarun 1990 aka rushe su aka mayar da zirga-zirga ƙasa. A ɗaya ɓangaren, jami'ar Harvard a 2009 ta zuba kujeru marasa nauyi masu launi a tsohuwar farfajiyarta, irin waɗanda ake gani a lambun Luxembourg na birnin Paris, ta bar ɗalibai su ja su duk inda suke so, kuma filin da a da ratsawa kawai ake yi ya zama wurin zama ba tare da an tona ƙasa ba.

Kujerar da ake iya ɗagawa tana warware matsaloli da dama a lokaci ɗaya. Mai ita zai bi inuwa yayin da take matsawa, mutum biyar za su yi da'ira, mai son kaɗaici zai ja tasa gefe. Fiye da haka, tana zame miki na'urar bincike, domin idan kika zana taswirar inda kujerun suka kwana kowace yamma na tsawon zango ɗaya, ɗaliban sun riga sun nuna miki inda ya kamata a gina dakali na dindindin da inda za a haƙa ramin dasa itace. Tsoron da hukumomi kan yi shi ne sata, kuma ana rage shi da zaɓen wurin da ke idon jama'a, da fenti na musamman da kowa zai gane, da tattara kujerun da dare. Kafin itatuwa su girma, rumfar sanduna da tsiro mai yaɗo ke hawa tana yin inuwa cikin ɗan lokaci, kuma a gefen dandalin za ki kafa ta, a jikin hanyar da ake bi, ba a tsakiya ba. Tsakiyar ki bar ta a buɗe, tana da ranarta idan an zo yaye ɗalibai ko wani babban taro.

Ita kuwa 'yar hanyar da ƙafa ta fitar, kada ki ba da shawarar a sake tare ta. Ki sa ta a zanenki, a daɓe ta yadda take, domin ita ce shaida mafi ƙarfi da kike da ita a kan inda mutane ke so su bi, kuma mahaɗarta da babbar hanya shi ne wuri na farko da zan ajiye kujeru goma in ga abin da zai faru. Lokacin da jami'ar Oregon ta gayyaci Christopher Alexander a farkon shekarun 1970, abin da ya ba ta shawara ke nan: a riƙa gyara haraba kaɗan-kaɗan tare da masu amfani da ita, maimakon babban tsari guda da za a zartar daga sama. Ki haɗa wa malaminku taswira uku ta wuri ɗaya, ta ƙarfe 10 da ta ƙarfe 1 da ta ƙarfe 4, kowacce da layin inuwa, da ɗigo ga kowane mai zama, launin maza daban na mata daban, da kibiya ga masu wucewa. Ki ɗora su a kan juna a gaban taga, ki nuna masa inda bencinan ƙarfen suka faɗo.